Karma da dawowar rai: wace kalma za mu tsayar?

Tafinta: Assalamu alaikum malamai. A fassarar fina-finan Indiya da rubuce-rubucen addinai ana ta juya karma zuwa "alhaki", aƙidar dawowar rai kuma zuwa "sake haihuwa". Ni dai duka biyun ba su kwanta mini ba. Ku taimaka mu tsayar da magana.

Malamin Falsafa: Wa alaikumus salam. Alhaki bai isa ba, domin mugun aiki kaɗai yake bi. Ba ka cewa alhakin alheri ya kama wane. Karma a harshen Sanskrit ma'anarta "aiki", mai kyau da maras kyau, tare da abin da zai haifar. "Sakayya" ma tana da matsala: a kunnen Bahaushe sai da mai sakawa, wato Allah, alhali a addinin Buddha da na Jain babu mai hukunci, aikin ne da kansa yake nuna kamar ɗan itace. "Ƙaddara" kuwa ta fi su nisa. Malaman Vedanta, wata mazhabar falsafar Hindu, sun kasa karma uku, suna misali da maharbi. Sanchita ita ce kibau da ke cikin kwari, ayyukan da suka taru tun rayuwar baya. Prarabdha kibiyar da ta riga ta bar baka, ba ta dawowa, ita ke tsara rayuwar da mutum yake ciki. Agami kibiyar da ke kan tsirkiya, yana iya sakinta ko ya fasa. In ka ce ƙaddara, kashi na biyu kawai ka kama, ka zubar da na uku, wanda a wurinsu nan ne duk gyaran hali yake.

Badamagariya: Malam ya yi gaskiya. Ƙari kaɗan: a Anguttara Nikaya, tarin maganganun Buddha, ya bayyana kamma (karma ke nan a harshen Pali) da cetana, wato niyya. Wanda ya taka ƙwaro bai sani ba, a wurin mabiyansa bai ɗauki komai ba. Mabiya Jain sun saɓa, suna ganin karma wasu ƙananan ƙwayoyi ne da ke manne wa rai su yi masa nauyi, iri 8. To wace kalmar Hausa ce za ta ɗauki wannan duka? A bar ta karma, a farkon ambato a bi ta da "aiki da abin da yake haifarwa".

Tafinta: Na karɓa, Yaya. Saura ta biyun.

Malamin Falsafa: "Sake haihuwa" a ajiye ta. Kiristoci Hausawa suna amfani da ita kan maganar Yesu da Nikodimu a Yohanna 3, can kuwa sabunta zuciya ake nufi, ba sabon jiki ba. Muna da kalma a littattafan zaure: tanasuhi. Biruni, wani masani Musulmi, a littafinsa kan Indiya na wajen 1030, ya ce tanasuhi ne alamar addinin Hindu kamar yadda kalmar shahada take ga Musulmi. Malaman aƙida har sun rarrabe: nashu in rai ya koma jikin mutum, mashu in jikin dabba. A kula kada a cakuɗa da tashin ƙiyama, wanda sau ɗaya ne, kuma Musulunci ya yi watsi da tanasuhi.

Ɗan Kurmi: Ranka ya daɗe, ɗan wabi fa? Ai kowa ya san shi.

Badamagariya: A'a, ƙanena. Ɗan wabi yaro ne da ake cewa yana mutuwa yana dawowa cikin uwa ɗaya, kamar abiku na Yarbawa. Babu batun aikinsa na baya a ciki, babu kuma mafita irin moksha, wato kuɓuta daga maimaita haihuwa. Sannan tanasuhi ɗin ma ga Hindu da Jain zai yi, ban da mabiya Buddha. Buddha ya musanta cewa akwai rai tabbatacce da ke ƙaura, kalmar mabiyansa punabbhava ce, don haka "sake wanzuwa" ta fi dacewa da su. Samsara kuma "kewayen haihuwa da mutuwa".

Tafinta: Madalla. A rubutu zan sa tanasuhi. A bakin ɗan fim dai sai "ransa ya dawo a wani jiki", don mai kallo ba zai tsaya neman ƙamus ba.