Harsashin .357 na lodin hannu yana warwatsewa a sanyi

Assalamu alaikum masana. Harbin zomo ne a Minnesota, Amurka, da bindigar hannu mai juyawa (rifolba) ƙirar S&W 686 mai bututu inci 6. Da hannu ake haɗa harsashin, ba na kamfani ba ne. Lodin: kwanson .357, dalma giren 158 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne), albarushin Unique giren 5, firaima (abin da ke kunna albarushin) ta yau da kullum. Da zafi harbi shida na taruwa cikin inci 2 a yadi 25. Sanyi ya kai digiri 15 ƙasa da sifili, sai su watse sama da ƙasa, ga ɓurɓushin albarushin da bai ƙone ba a ƙarƙashin tauraron fidda kwanso (ƙarfen da ke turo kwanson da aka harba waje). Ɗaga bakin bindigar sama kafin harbi yana rage abin, shi ya sa nake zargin albarushin yana yawo a kwanson. In ƙara matse bakin kwanso, in koma kwanson .38 da ya fi gajarta, ko kuwa man da ake shafa wa dalmar ne ke daskarewa?