Littattafan "ciyar da gida daga gona da garka": me ya dace da Tawa a cikinsu?

Ƴar Adar:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Akwai littattafan nan na Faransanci da ke yawo a WhatsApp, masu koyar da yadda gida zai ci abin da ya noma: garka a bayan ɗaki, takin gargajiya, adana cimaka a kwalba, rage saye a kanti. Ina tambayar waɗanda suka karanta kuma suka san noma. Iyali mai mutum 8 a Tawa, da gona da ɗan fili a cikin gida, me za su ɗauka daga ciki, me kuma za su bari?

Na Illela:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Babban giɓin waɗannan littattafai shi ne hatsi. Shafi ɗari a kan salati da tumatir, amma tuwo da fura babu labarinsu, domin marubucin yana sayen burodinsa a kanti. Mu kuwa daga rumbu lissafi yake farawa. Mutum ɗaya yana cin kilo 200 zuwa 250 na hatsi a shekara. Mutum 8 ke nan suna bukatar kusan buhu 18 mai kilo 100, ko tiya 720 idan an ɗauki tiya 40 a buhu. Gonar gero da ba ta samun taki ba ta cika wuce kilo 400 zuwa 500 a hekta ba, saboda haka hekta 4 ake magana, shi ma in damina ta yi kyau.

Abin da ke ɗaga wannan lissafi a ƙasar Adar shi ne tasa, wato ramukan shuka masu tare ruwa, wadda ta bazu a wajen Illela da Badagishiri tun ƙarshen shekarun 1980. Ana haƙa rami da rani a fako, faɗinsa santimita 20 zuwa 30, zurfinsa 15 zuwa 20, tazarar taku ɗaya tsakanin ramuka. Ƙasar da aka fitar a tara ta ta ɓangaren gangare don ta tare ruwa. A zuba taki cikin tafi biyu, a bar gara ta yi aikinta ta huda ƙasa kafin ruwan farko. Kuskure biyu ne suka fi yawa: zuba ɗanyen kashin dabba dab da shuka, wanda ke ƙona tsiro, da haƙa tasa a jigawa, inda iska ke cike ramin da rairayi cikin ƴan kwanaki.

Mai Garka Galmi:
Gaskiyar Malam ce. Ni kalandarsu ce nake jan kunne a kai. Littafin Turai zai ce a shuka a Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Tawa ya haura digiri 40. Tumatir da ya yi fure a wannan zafi furen zubewa yake yi, salati kuma ya yi tsiri ya yi ɗaci. Kayan sanyi a nan daga Oktoba zuwa Fabrairu ne. Da bazara da damina a koma ga masu jure zafi: kuɓewa, yakuwa, lalo, alayyahu, kabewa, zogale.

Sai ruwa, wanda su ba ya damunsu. Mita ɗaya murabba'i na kayan garka yana shan lita 5 zuwa 8 a yini lokacin sanyi. Fili mai mita 10 tsawo da 10 faɗi zai sha wajen lita 700, wato bido 28 mai lita 25, kullum. Wanda ke sayen ruwa ya fara da fangali 3 ko 4 kawai, ya rufe ƙasa da ƙaiƙayi ko karan gero, ya yi ban ruwa da sassafe da yamma.

Takin ma haka. Suna tara shi tsibi a fili. A nan iskar hunturu za ta busar da shi, ya zauna wata shida bai ruɓe ba. A haƙa rami mai zurfin mita ɗaya a inuwa, a jera busasshiyar ciyawa santimita 20, kashin dabba santimita 10, a barbaɗa toka, a jiƙa, a maimaita har ya cika. A soke sanda a tsakiya: in ta fito da zafi bayan kwana 3 ko 4, aiki na tafiya, in ta fito da sanyi a bushe, ruwa ya gaza, in wari ya tashi, ruwa ya yi yawa. A juya duk kwana 15, cikin wata 2 zuwa 3 ya nuna.

Hajiya Mai Daddawa:
Ɗiyata, babin kwalba ne nake so ki karanta da hankali. Kuɓewa, ɗanyen wake da nama ba su da tsami. In aka rufe su a kwalba aka tafasa a tukunya ta gida, zafin bai wuce digiri 100 ba, kuma ƙwayar cutar da ke haifar da gubar botulizim ba ta mutuwa sai a wajen digiri 121, a tukunya mai matsin tururi. Gubar ba lallai ta yi wari ko ta canza launi ba, kuma tana kisa. Niƙaƙƙen tumatir ne ake iya yi a gida: babban cokali 2 na ruwan lemun tsami a kowace lita, kwalba mai sabon murfi, ruwa ya rufe ta, a tafasa minti 45. Murfin da ya kumbura daga baya, a zubar da abin ciki, kada a ɗanɗana.

Mu rana Allah ya ba mu, shanya ta fi mana sauƙi. Tumatir a yanka shi, a shimfiɗa a kan gado mai raga sama da ƙasa, a lulluɓe da gidan sauro saboda ƙura da ƙuda. Kilo 10 ba ya kai kilo 1 in ya bushe. Ganyen zogale da na kuka a inuwa ake shanya su, rana tana kashe launi da amfaninsu. Ganyen albasa a kirɓa a yi gabu. Wake kuma a buhun PICS mai leda biyu a ciki: ya bushe sarai, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako. Ƙwaron da ke cin waken yana mutuwa ne don rashin iska, shi ya sa huda ɗaya ta ɓera ke lalata komai.

Abin da ke ba ni takaici shi ne babu anza, jiga, tafasa, aduwa, magarya ko daddawar batso a cikinsu, alhali su ne cimakar ƙasarmu. Anza sai an jiƙa ta kwanaki ana canza ruwa kafin ɗacin ya fita, kuma masu wannan sani tsufa suke yi.

Ɗan Yamai:
Hajiya ta yi gaskiya, amma kada mu yar da littattafan. Suna bayyana dalili: me ya sa ba a maimaita tumatir, tattasai da yalo a fangali ɗaya shekara biyu a jere (danginsu ɗaya, cutarsu ɗaya, musamman tsutsar da ke sa saiwa ƙulli), me ya sa wake ke gyara ƙasa bayan gero. Don ma'auni da lokaci kuwa, a nemi takardun fasaha na RECA (haɗakar majalisun manoma ta Nijar) da INRAN (cibiyar binciken noma ta Nijar), domin a ƙasar nan aka gwada su.

Ƴar Adar:
Na gode ƙwarai iyaye da yayye. Saura iri: sun ce a riƙa ajiye na gida. Kowane iri ne?

Mai Garka Galmi:
A'a ƙanwata. Fakitin da aka rubuta F1 a jikinsa, ƴaƴansa ba sa fitowa kamar uwar, sai an sake saye. Irin geron da ake kira HKP, kuɓewar gida da albasar Galmi ana ajiye irinsu. A zaɓi zangarniyar gero mafi cika daga tsakiyar gona, ba daga gefe ba, saboda iska na kawo garin furen gonar maƙwabci. Irin albasa kuwa kada ya wuce shekara ɗaya a ajiye. Kafin shuka a gwada ƙwaya 20 a jiƙaƙƙen ƙyalle kwana 10. In ƙasa da 14 suka tsiro, a ƙara yawan irin ko a nemi sabo.