Muhawara: Shin DHCP yana da wuri a wajen otomat na masana'anta?

Malam Isufu: Ina nan a kan bakana cewa duk otomat, wato PLC, ƙaramar kwamfutar masana'anta da ke tafiyar da famfo ko inji a nan Yamai, da hannu ya kamata a rubuta masa adireshin IP na dindindin, wato lambar da sauran na'urori ke gane shi da ita, kada a bar wa DHCP, tsarin da wata kwamfuta da ake kira saba ke raba wa na'urori adireshi da kanta. Allon da ma'aikaci ke kallo yana neman otomat ne da lambarsa, kamar yadda ake yi a Modbus TCP, wani yaren da na'urori ke magana da shi, ta ƙofa 502, kuma ranar da lambar ta sauya, allon zai makance alhali injin yana ta juyawa.

Hadiza: Malam, ban musanta cewa lambar kada ta sauya ba, amma DHCP ma yana iya riƙe ta. Ana ɗaure adireshin da lambar MAC ta na'urar, wato lambar da take fitowa da ita daga kamfani, sai sabar ta riƙa ba ta lamba guda kullum. Ai na'urorin Allen-Bradley da yawa suna fitowa daga kamfani da DHCP ko magabacinsa BOOTP a kunne.

Malam Isufu: Suna fitowa haka ne don a ba su lambar farko, daga nan mai aiki ya kashe shi. Ki tuna da watannin zafi, Afrilu da Mayu, lokacin da wuta ke yawan ɗaukewa. Idan ta dawo, otomat yana tashi cikin daƙiƙu kaɗan, sabar kuwa tana iya ɗaukar mintuna, kuma a wannan tsakanin na'urar tana zaune ba ta da adireshi. Sannan idan otomat ya ƙone cikin dare aka sa sabo, lambar MAC ta sauya, ɗaurin da kika yi ya warware, wanda ke riƙe da kalmar sirrin sabar kuma yana gidansa yana barci.

Sani: Yaya Hadiza, ni abin da ke ba mu wahala a wurin aiki ita ce kwamfutar da muke zuba wa otomat shirin aikinsa da ita. Idan aka bar ta a kan DHCP aka haɗa ta kai tsaye da otomat, Windows yakan ba kansa lamba mai farawa da 169.254, su kasa magana da otomat, sai a yi ta zargin waya. Idan otomat yana 192.168.0.1 da maski 255.255.255.0, mai nuna cewa kashi uku na farkon lambar su ne gidan, dole kwamfutar ta ɗauki wata lamba a cikin gidan 192.168.0, misali 192.168.0.200, wadda babu mai ita.

Hadiza: Gaskiyarka, Sani, kuma misalinka ya nuna raunin rubutu da hannu. TIA Portal, manhajar Siemens ta tsara otomat, yakan sa 192.168.0.1 a otomat na farko a sabon aiki, masu haɗa injuna da yawa kuma ba sa taɓa ta. Sayo injuna biyu daga wurare daban, haɗa su a waya ɗaya, sai ka sami na'urori biyu suna rigima a kan lamba guda. Maganar ɗaukewar wuta na karɓe ta, Malam, amma ban yarda da adireshin da ba a rubuta shi a rajista ba kuma ba a manna shi a ƙofar akwatin ba.

Malam Isufu: Rajista wajibi ce, kuma ni ma ina ware 1 zuwa 99 a kashin ƙarshe na lambar don otomat da alluna, 200 zuwa sama don kwamfutocin masu gyara. Sai dai ki gaya mini wanda zai tada sabar da ƙarfe biyun dare.

Hadiza: Akwai suwic na masana'anta, wato akwatin da ake soka wayoyin na'urori a ciki don su haɗu, da ke raba adireshi bisa ramin da aka soka waya, ba bisa MAC ba, don haka sabon otomat yana gadon lambar tsohon. Zan kawo guda mu gwada shi da katse wuta a gabanka.