Tayoyin gaba sun cinye ta gefen ciki kawai: in sayi sababbi yanzu ko in fara da gyara?

Mai_Neman_Sani:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar taya. Motata da ƙafafun baya take ja, kuma tayoyinta irin na gudu ne masu faɗi da gajeren gefe, lambarsu 225/45 R17 94Y. Da aka ɗaga ta domin juyen baƙin mai, bakanike ya nuna mini cewa tayoyin gaba biyu sun suɗe ta gefen ciki, har waya ta fara leƙowa a ta hagu, alhali wanda ya duba daga waje zai rantse sababbi ne, domin zanen da ya rage a can ya kai milimita 5. Motar ba ta ja gefe, sitiyari ba ya rawa, kuma ina kula da iska. Me ke jawo wannan? Ko zan iya sauka daga harafin Y da ke ƙarshen lambar zuwa taya mai harafin H wadda aka ce ta fi daɗewa? Sannan biyu zan saya ko huɗu?

Tsohon_Bakanike:

Wa'alaikumus salam. Malam, tayar da waya ta bayyana a jikinta ta gama aiki, kada ka sake hawa babban titi da ita. Amma in ka ɗaura sababbi ba tare da gano abin da ya cinye waɗannan ba, su ma haka za su ƙare.

Iska ba ta cikin masu laifi a nan. Idan iska ta yi yawa tsakiyar taya ce ke cinyewa, idan ta yi kaɗan gefuna biyu ne ke tafiya tare. Cinyewar gefe ɗaya kuwa maganar saitin ƙafa ce, wato alayimen, kuma abubuwa biyu ne a ciki. Na farko shi ne kamba, jinginar da saman taya ke yi zuwa cikin mota. Masu ƙera motocin gudu da gangan suke ba su wannan jingina domin taya ta zauna sosai a kwana, sai dai a miƙaƙƙen titi nauyi yana komawa kan gefen ciki. Na biyu, wanda a ganina shi ne babban ɓarawo, shi ne inda bakin tayoyin ya fuskanta. Idan bakinsu ya buɗe waje, taya ba birgima kawai take yi ba, ana jan ta a kaikaice a kan kwalta. Kuskuren rabin digiri yana nufin ana gurza ta gefe kusan mita 9 a kowace kilomita, kuma da yake kamba ta riga ta tara nauyi a ciki, can ne gurzar za ta ci.

Cewa motar ba ta ja gefe ba hujja ba ce, domin idan ƙafafun biyu sun buɗe daidai da juna, kowace tana soke jan 'yar'uwarta, mota ta tafi sak tana cin taya a ɓoye. Ka shafa tafin hannunka a kan zanen, daga ciki zuwa waje sannan ka dawo, ka dai kauce wa inda wayar take. In ka ji sumul ta ɓangare ɗaya, ta ɗayan kuma yana kama hannu kamar haƙoran zarto, to bakin tayoyin ne. In kuwa ramuka-ramuka ka ji a kewayen tayar, a duba shokazoba da balansin.

Kafin a hau na'urar saiti, a girgiza kowace ƙafa a duba tayarod da boljoyin da robobin bushin. Bushin da ya tsage yana barin ƙafa ta buɗe duk lokacin da aka taka birki, ko da na'ura ta nuna komai daidai a tsaye. A sauya abin da ya lalace, a ɗaura taya, a yi saiti, kuma ka karɓi takardar awon farko da na ƙarshe.

Hajiya_Mai_Mota:

Game da saye, ɗan'uwa, ban ba ka shawarar sauka zuwa H ba. Lamba 94 tana nufin kowace taya na ɗaukar kilo 670, harafin Y kuma iyakar gudu ce ta kilomita 300 a awa, W 270, V 240, H 210. Na san ba wanda zai yi irin wannan gudu, amma harafin yana nuna yadda taya ke jure zafi da yadda aka ƙarfafa jikinta, kuma a kan haka aka tsara birki da kwanar motar. Ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko littafin motar, abin da aka rubuta a can shi ne mafi ƙarancin da za ka saya. Iskar da za ka bi ma tana can, domin lambar iskar da ke jikin taya iyakar iskar da take ɗauka ce.

In daɗewa kake so, ka nemi taya mai harafin da ya dace amma robarta ta fi tauri. Akwai lambar Treadwear a gefe, wato ma'aunin daɗewar zane, tsarin Amurka ne: mai 300 za ta riga mai 500 ƙarewa, sai dai kamfanoni ne ke auna nasu, don haka kwatancen ya fi inganci tsakanin tayoyin kamfani ɗaya. Roba mai laushi ita ce ke kama titi, ita ce kuma ke saurin cinyewa, dole ka zaɓi wanda ya fi maka. Ka kuma karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen tayar: 2324 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2024. Idan tayoyin baya suna da sauran zane sosai, biyu sun isa, amma a sa sababbin a baya.

Direban_Dare:

Ina tare da Baba Bakanike, sai dai ina ganin ya ɗan sassauta wa kamba. A motar da aka sauke ta ƙasa, ko wadda sifirin ɗinta ya gaji ya zauna, kamba kan wuce ƙa'ida har ta ci gefen ciki ita kaɗai, kuma a motoci da yawa babu wurin saita ta sai an sauya ƙarfe. Na biyu, iyakar awon saiti da kamfani ya yarda da ita tana da faɗi, saboda haka kada ka gamsu don allon na'urar saiti ya nuna kore, ka ce a kawo awon kusa da tsakiya, hagu da dama su daidaita. Juya tayoyi gaba da baya duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 yana taimakawa, muddin girmansu ɗaya ne. Masu kibiya a gefe ba a ƙetara da su daga hagu zuwa dama.

Mai_Neman_Sani:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na shafa zanen, kuma lallai yana kama hannu ta ɓangare ɗaya, bakanike ma ya ga bushin na hagu a tsage. Abin da ban gane ba, Hajiya, na gaba ne suka lalace kuma su ke juya mota, me ya sa za a kai sababbin baya?

Hajiya_Mai_Mota:

Saboda ruwan sama ne. Zane mai zurfi ne ke kore ruwa daga ƙarƙashin taya, don haka wadda ta fi cinyewa ita ke fara sulɓewa. Idan gaba ne ya sulɓe, za ka ji a sitiyari, ka ɗaga ƙafa daga totur, motar ta dawo hanya. Idan baya ne, gindin motar zai juya da kai, kuma ba kowane direba ke iya tare shi ba, balle a mota mai ja da baya irin taka. A dawo da na baya gaba, amma ka auna su tukuna a ciki da tsakiya da waje. Tudun alamar da ke cikin ramin zane yana kan milimita 1.6, wanda shi ne iyakar doka a Ingila da Tarayyar Turai, ni dai in sun sauko kusa da 3 a kowane gefe, huɗu zan saya.