Legas ko Kalaba a Disamba? Uwargida na son ganin teku

Baban Ilham: Salam jama'a. Na samu hutun sati ɗaya ƙarshen Disamba, madam kuma tun aurenmu take min mita wai ita bata taɓa ganin teku ba sai a waya. Dubu 400 na ware, mu biyu da yarinya 'yar shekara 3, kuma mota zamu bi daga Jos ba jirgi ba. Legas ko Kalaba? Wanda ya taɓa zuwa da iyali ya taimaka dan Allah.

Sadiq Rayfield: Zanzibar kawai oga, ka huta da hayaniyar ƙasar nan.

Ɗan Dilimi: Mutum yace dubu 400 kana ce masa Zanzibar. Inshorar dole da suka saka tun 2024 kaɗai dala 44 ce kowane babban mutum, ba a zo kan biza da tikiti ba.

Maman Hanif: Baban Ilham Kalaba fa ba bakin teku bane, kogi ne, ko Marina Resort ɗin a bakin kogi yake. In rairayi da igiyar ruwa take so sai kun ƙarasa Ibeno a Akwa Ibom. Abin da ke jan mutane kanibal ne, bikin raye-raye a titi na Disamba, wanda tsohon gwamna Donald Duke ya fara a 2004, kuma lokacin ɗaki wuta yake. Mu a Bogobiri muka sauka, unguwar Hausawa ce, ga masallaci ga tsire. Amma shigar 'yan rawar nan, hmm, ka dai shirya amsa tambayoyi a gida.

Alhaji Bukuru: Ni dai kar wanda ya sake min maganar Tarkwa Bay, bakin tekun nan na Legas. Bara muka je da ƙannena, daga tashar jirgin ruwa ta CMS muka hau kwalekwale, mai jirgin ya karɓi kuɗin zuwa da dawowa gaba ɗaya yace ƙarfe biyar zai zo ya ɗauke mu, rigar ruwan da ya bani ma igiyarta a tsinke, muna sauka aka ce kuɗin shiga, kujera kuɗi, rumfa kuɗi, wlh har inda zaka yi alwala sai da wani yaro ya miƙo hannu. Biyar tayi shiru, shida shiru, wayarsa a kashe, tsibiri ne fa ba inda zaka taka ka fita, ga magariba ta kawo kai, sauran masu jirgin suka ga mun matsu suka ninka mana. Allah ya isa ban yafe ba.

Sadiq Rayfield: Alhaji ai kai ka biya duka tun farko, wa yake haka a Legas? Ni 1,500 na shiga jirgi.

Alhaji Bukuru: 1,500 a wace shekara? Dubu 7 muka biya kowa.

Ummu Sultan: 4,000 ne a jirgin haya, sai dai in shata kuka ɗauka.

Ɗan Dilimi: Duk wanda rabonsa da can tun kafin a cire tallafin mai a 2023 dan Allah ya daina kawo mana farashi.

Sadiq Rayfield: To kai da ko Lokoja baka taɓa wucewa ba fa?

Malam Nura: Ku bar gardama. Badagry a jihar Legas tafi dacewa da mai iyali. Ana tsallakawa tsibirin Gberefu a jirgi, sai a taka a ƙasa ta hanyar da aka bi da bayi har bakin teku, akwai rijiyar da ake cewa ana shayar dasu su manta gida. A garin kuma ga benen nan na 1845 da ake cewa shi ne na farko a Najeriya. Sai dai rana, ga rairayi, yarinyar a kafaɗa zata ƙare. Kuma kar a shiga ruwan, yana ja.

Baban Ilham: Malam Nura masauki fa, nawa ne kwana?

Ɗan Dilimi: Ka kaita dam ɗin Lamingo nan Jos da asuba cikin hazo kace mata Atlantika ce 😂 canjin ku hau dutsen Shere.

Ummu Sultan: Allah ya shirye ka. Hawan Shere da goyo cikin sanyin Disamba?

Alhaji Bukuru: Duk wannan lissafin ba wanda ya saka kuɗin mota. Daga 20 ga wata direbobi sai abin da suka ga dama, na taɓa biyan kujerar gaba aka cusa min mutum na biyu tun kafin Hawan Kibo.

Maman Hanif: Kai ka samu gaba ma. Mu huɗu a baya, da buhun dankali a ƙafata har Akwanga, kuma dankalin ma ba nawa ba.