Hannun Baba na karkarwa, shin injin da ake dasawa a ƙwaƙwalwa gaskiya ne?

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema wajen wanda ya san kan abin. Mahaifina baduku ne a nan unguwar Birni ta Damagaram, shekararsa 68, tun yana yaro yake ɗinkin fata. Shekara uku ke nan hannunsa na dama ya soma karkarwa. Abin mamaki, sai yana zaune ba ya komai take tashi, babban yatsa na murza manuniya kamar mai jan carbi, alhali ba carbi a hannun. Da ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi sai ta lafa. Mu muka ce tsufa ne, Gwaggo ta ce sammu ne na abokan sana'a. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi sadakar akuya. Daga baya tafiyarsa ta koma ƴan ƙananan taku, fuska ta daskare har jikoki na cewa Kaka ya daina dariya. Wata Juma'a a ƙofar masallaci ƙafarsa ta kafe kamar an buga mata ƙusa, jama'a na bayansa suna jira. Basilla kuwa tun bara ya ajiye ta.

Bayan Sallar layya muka kai shi Yamai, likitan jijiyoyi ya ce cutar Parkinson ce, ya rubuta levodopa sau uku a rana. Satin farko har ya koma tashi daga tabarma ba a kama shi ba. Yanzu kuwa wata rana maganin ya yi aiki, wata rana kamar ruwa ya sha. Sau biyu kuma na zagaye farmasin gari aka ce babu, sai Kano muka aika.

Jiya a fada wani ya nuna mini bidiyo a salula. Wani Bature jikinsa na kaɗawa, ya danna wani ɗan abu, karkarwar ta tsaya cak. Gaskiya ne ko haɗin kwamfuta? Muna da fili a hanyar Mirya, ni da yayyena mun soma maganar sayarwa.

Malamin Lise:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba Baba lafiya. Bidiyon ba ƙarya ba ne, aikin ma ba sabo ba ne. Wani likitan fiɗa mai suna Alim-Louis Benabid ya fara shi a garin Grenoble na Faransa a 1987. Ana huda ƙoƙon kai, a zura siraran wayoyi biyu zuwa can tsakiyar ƙwaƙwalwa, a bi da igiyar ta ƙarƙashin fata har ƙirji, inda ake binne ɗan batir ƙasa da ƙashin wuya. Ɗan lantarkin da yake turawa shi ke kwantar da hayaniyar da ke sa jiki karkarwa da sandarewa. A 2025 Amurka ta amince da wani sabon samfuri da ke sauraron ƙwaƙwalwar, yana ƙarawa yana ragewa da kansa. Akwai kuma wata hanya da ba a yanka: a tara igiyoyin sauti a ɗigo guda su ƙona wurin da ke haddasa karkarwar.

To amma duk ba sa warkar da cutar. Asalinta, ƙwayoyin da ke yin wani sinadari mai suna dofamin ne suke mutuwa sannu a hankali, injin kuwa ba ya tayar da matacce. Kuma ba a gama da likita ranar fiɗa. Sai an yi ta komawa ana saita shi, batirin da ba a caji kuma bayan shekara uku zuwa biyar sai an sake yanka an canza. Mutumin da Yamai ma kilomita kusan 900 ce gare shi, ka auna. Ni dai ku bar filin nan inda yake tukuna.

Uwar Biyu:

Sannu ɗana. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi ritaya, kuma na yi jinyar mijin yayata shekara tara da wannan cutar. Kafin a je Faransa, amsa mini abu biyu. Da me Baba yake haɗiye maganin? Ƙarfe nawa kuma yake sha, da agogo ko da ka?

Ɗan Birni:

Hajiya, da fura da nono yake sha, Inna ta ce magani mai ƙarfi ba a sa shi cikin wofi. Na dare kuma bayan tuwo, wani lokaci da ɗan kilishi. Lokaci kam ba tsayayye, in an tuna ne.

Uwar Biyu:

Na yi zato. Inna ba ta yi laifi ba, yawancin magunguna haka ake yi da su, amma wannan daban yake. Levodopa da abincin gina jiki, wato nono, nama, wake, ƙwai, ƙofa ɗaya suke bi daga hanji su shiga jini, ƙofa ɗaya kuma daga jini zuwa ƙwaƙwalwa. Ka san ƙofar kasuwar Dole ranar Alhamis, in amalanke sun cushe ta mai ƙaramin kaya waje yake tsayawa. Ku ba shi da ruwa cikakken kofi, rabin awa kafin abinci ko awa guda bayan ya ci. In yana tayar masa da zuciya, ɗan burodi ya isa. Kada ku hana shi furarsa, dattijo na bukatarta, ku dai raba musu lokaci. In yana shan maganin ƙarin jini shi ma a nisanta su.

Sai agogo. Ka sa ƙararrawa a salular Inna, ko ku ɗaura shi da lokutan salla, tunda su ba a manta su. Ka sayi kaye na dala ashirin ka riƙa rubutawa: ya sha ƙarfe kaza, jiki ya saki ƙarfe kaza, ya sake ɗaurewa ƙarfe kaza. Sati biyu kawai. Wannan kayen ya fi hoton sikana amfani wajen likita, da shi zai san ko a ƙara ko a rarraba. Kada ku ƙara da kanku, kada kuma ku bari ya yanke kwatsam, yankewar na iya kawo zazzaɓi mai tsanani da sandarewar da ke kai mutum gadon asibiti. Saura na kwana goma ka aika Kano, ba ranar da kwalin ya ƙare ba.

Ka tambaye shi bayan gida, su dattawa ba sa faɗa. Cutar na busar da ciki, in ciki ya tsaya maganin ma tsayawa yake. Ruwa da yawa, zogale, miyar kuka da kuɓewa. In ya yi amai kada kowa ya sayo masa metoclopramide a tebur, yana ƙara cutar. Haka Artane da ake ba masu karkarwa, ga mai shekarun Baba yana iya rikita tunani har ya riƙa ganin mutanen da babu.

Kafewar ƙafa kuwa, kada ku ja shi. Ja yana kayar da su. Ka tsaya gefensa ka ce ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, ko ka sa ƙafarka gabansa ka ce ya tsallake. Mu da gawayi muka zana layuka a zaure daga ƙofa zuwa inda yake alwala, yana taka su ɗaya bayan ɗaya kamar soja. Ranar farko da ya ƙetare zauren shi kaɗai yayata kuka ta yi.

Na Garin Malam:

Allah ya sawwaƙe. Ni na ji an ce ƴaƴan karara suna maganinta. Kuma na ga wani asibitin waje a Facebook yana tallar allurar sababbin ƙwayoyin halitta, wai sau ɗaya an warke.

Malamin Lise:

Malam, maganar karara tana da tushe, akwai levodopa a cikin ƴaƴanta, an ma gwada garinsu ga marasa lafiya a Gana. Sai dai ƙarfin wannan kwaso ba ɗaya yake da na wancan ba, wanda ke kan ƙwaya in ya haɗa ba da sanin likita ba zai iya zarcewa.

Tallar Facebook kuwa ka yi nesa da ita. Aikin gaskiya a Jami'ar Kyoto ta Japan aka yi shi. Sun juya ƙwayoyin jikin mutum suka zama masu yin dofamin, suka dasa wa mutum bakwai a ƙwaƙwalwa, an soma a 2018, sakamako ya fito a 2025. Ƙwayoyin sun rayu, ba su zama ƙari ba, wasu sun samu sauƙi. Mutum bakwai fa, kuma da fiɗa, ba allurar hannu ba. Abin da ya fi faranta mini rai ma na kusa da mu ne: a 2023 binciken da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa ya gano wani sauyin ƙwayar gado mai ƙara haɗarin cutar ga ƴan Afirka ta Yamma, wanda binciken da aka daɗe ana yi kan Turawa bai gani ba.

Ɗan Birni:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yau kwana shida da muka raba maganin da fura. Ba zan ce ya warke ba, jiya da la'asar ma ya ɗaure. Amma da hantsi ya ce a miƙo masa wani kube da ya bari rabi, ya yi ɗinki kamar kamu ɗaya kafin ya gaji. Inna har yanzu tana ganin muna azabtar da shi da ruwa zalla. Hajiya, saura abu ɗaya: ya rantse bana ba zai sha azumi ba, ga shi na rana ƙarfe biyu yake sha. Likita zan fara tuntuɓa ko limaminmu? Don maganata kam ba zai ji ba.