Ciki ya riga ya shiga, gwajin jinin miji na mene ne?

Kawu: Na ji an ce wa ƙanwarku a wajen awo ta kawo mijinta a gwada jininshi, don an ga ita AS ce, wato tana ɗauke da gadon sikila a jininta amma ba ta da ciwon. Ni ban ga amfanin wagga wahala ba. Kafin aure ake gwaji. An ɗaura aure, ciki wata uku, mi za a gyara? Sai dai a ɗora ma yarinya damuwa.

Maman Abba: Gaskiyar Kawu. Kuma ai ɗaya cikin huɗu ke fitowa sikila. Maƙwabciyata a Jega ɗan farinta SS ne, wato sikila, kun ga ukun da za su biyo baya sun tsira.

Anti Nas: Maman Abba, don Allah kar ki faɗa mata haka. Kowane ciki da lissafinsa. In AS ya auri AS, duk cikin da aka samu, yiwuwar SS kashi 25 ne cikin 100, AS 50, AA (wanda bai gaji sikila ba ko kaɗan) 25. Na farko bai rage wa na biyu komai ba.

Kawu, Allah ya ƙara girma, amfanin na jaririn ne. In mijin AA ne, hankalinta ya kwanta. In AS ne, sai a shirya. Jaririn sikila lafiya lau ake haihuwarsa, don jinin da ya zo da shi daga ciki na kare shi. Sai wajen wata 6 hannu da ƙafa su kumbura, ya yi ta tsala kuka in an taɓa shi, a ce haƙori ne, a yi ta jiƙe-jiƙe. In an sani, ana haihuwa za a gwada shi, a ɗora shi kan penisilin tun yana wata 2 ko 3 har shekara 5, a cika mishi rigakafi, ya kwana cikin gidan sauro. Ranar da jikinsa ya yi zafi, ranar za a kai shi asibiti.

Yaya Babba: Ni ba lissafin ke damuna ba. Kun san dangin miji. Sakamako na fitowa za a ce ɗiyarmu ce ta kawo musu ciwo.

Anti Nas: Abin da ya sa nake so a gwada shi ke nan, Yaya. Ɗa ba ya zama SS sai ya ɗauko S daga uwa, ya ɗauko S daga uba. In takardarta kaɗai aka gani, ita za a ɗora wa laifin.

Kawu: Wannan kam na ji. Amma har yanzu ina nan kan bakata: bai kamata a aiki mai ciki da wanga saƙo ba. Maganar maza ce, ni zan same shi.

Maman Abba: To Anti, maƙwabciyar tawa fa? Cikinta ya tsufa, kuma a gida take son haihuwa.

Anti Nas: Ki lallaɓa ta ta haihu a asibiti, ta kuma faɗa musu ɗan farinta SS ne. In ba a gwajin jarirai a kusa, su shigo Birnin Kebbi su tambaya a asibitin Sir Yahaya ko asibitin tarayya.